Babu Agwagwa a Ciki

"Kin je sun sake shafa miki kai ko?" Muryar mijin Sachie ce ta ratso bango. "Kamar kyanwar da ta koyi magana."

"Rage murya, Malama na ji," in ji Sachie.

"To ta ji mana."

Tana ji kuwa. Tsohuwa Malama Kuwabara, maƙwabciyarsu, ta bar shayinta ya huce a hannu.

A Kobe ta ƙasar Japan aka haifi Sachie. Uwarta 'yar gari ce, ubanta baƙar fata ne, ma'aikacin jirgin ruwa da ya tafi tun ba ta yi haƙori ba. Ta haura hamsin a duniya, tana guga a shagon wanki, kullum maganar ɗaya ce: a yaba mata Japananci, a yi mamakin yadda take riƙe tsinken cin abinci, a tambayi yaushe za ta koma gida. Ba ta taɓa ramawa ba. Sai ta rusuna, ta adana abin a ranta, ta mai da shi baiti uku.

Kuwabara ce ta shigar da ita zaman unguwa na haiku, waƙar Japanawa mai baiti uku, kuma tana son a san ita ta shigar da ita.

A zaman, ba a sa suna a waƙa. Sai an zaɓa, an yi sharhi, sannan mai ita ya faɗi sunansa. Yau ga wadda ta yi zarra:

Kowa na tambaya
yaushe zan koma gida.
Ga ni a ƙofarsa.

Kuwabara ta gane mai ita tun a baitin farko. Ta dubi fuskokin mutanen da take shugabanta, sai ta riga kowa buɗe baki. Ta ce ai mai magana a waƙar agwagwar daji ce mai ƙaura, sanyi ya rutsa da ita. Kowa ya gyaɗa kai, an samu mafita. Da Sachie ta faɗi sunanta, wani dattijo ya tafa. "Kai, 'yar nan, har kin fi mu iya yarenmu."

Yanzu rigimar ta lafa a bayan bango. Kuwabara ta zuba tsamin kabeji a kwano, ta je ta ƙwanƙwasa. Ta gaya wa kanta zumunci ne ya kai ta, alhali so take ta ji ko kujerar Sachie za ta zama wayam a zama na gaba.

Sachie ta buɗe, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta rusuna.

"Sai zama mai zuwa ko, Sachie?"

"Ki ba wani kujerar, Malama. Su dai ba su gane ba. Ke kuwa kin san babu agwagwa a ciki."