Azurfar da na dirje a Sabha

Tsohon mai shagon ya ɗora gilashinsa na ƙara girma kan azurfata, yana jujjuya ta. Ni kuwa ina tsaye sai murmushi nake.

Zamanin kuɗin fetur ne, ina leburancin gini a Sabha, can Libiya. Muna haƙa tushen wani gida a unguwar Mahdiya na tono tsoffin kuɗin azurfa guda bakwai, baƙi ƙirin. Mai gidan ya ce in riƙe. Na samo toka da lemun tsami, na dirje su yadda innata ke dirje warwaronta. Shida suka yi fes, lemun ya ƙare kafin ta bakwai. Na kwashe su sai shagon tsohon nan mai sayen kayan zamanin da.

"Wa ya wanke waɗannan?" in ji shi.

Na bugi ƙirji. "Ni ne, Alhaji. Ka yi haƙuri da baƙar, gobe sai in gyara ta."

Ya yi wuf ya rufe ta da tafin hannu. "Kar ka taɓa ta, ɗana. Dubi rubutunta, ko ƙwarzane babu. Shidan nan kuwa ka karce musu fuska, sai dai a auna a narkar."

Kuɗin baƙar nan kaɗai su suka mayar da ni gida Damagaram, har na sayi rediyo.

Har yau ina gode wa Allah da lemun nan ya ƙare. Ku fa, me kuka taɓa ɓatawa garin gyara?