Wata Huɗu Ban Durƙusa Ba

Ni mace ce mai taurin kai, kowa a gidanmu ya shaida, amma ban taɓa gai da surukina a tsaye ba. Shekara goma sha ɗaya da aurena, duk ranar da muka bar Filinge muka je ƙauyen su maigidana, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Malamar makaranta ce ni, kuma na san matan gidan jira suke su ga ranar da boko zai hau mini kai. Ban taɓa ba su wannan ranar ba, ina kuwa taƙama da haka.

Sai gwiwar ta ci amanata. Muna dawowa daga kasuwar Bonkuku a kan babur, yashi ya kwashe tayar gaba, na dira da ƙafar dama ta murɗe a ƙarƙashina. Mai ɗori ya shafa, ya ja, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Ta wajen ƙashi bai yi ƙarya ba. Amma bayan wata biyu, in ina gaban allo na juya in dubi yara, sai gwiwar ta sulluɓe kamar ba tawa ba.

A Yamai aka ɗauki hoton cikin gwiwar. Likita ya ce rauni biyu ne. Jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, wannan ko da hannu ya gane shi. Na biyun a ɓoye yake can baya. Ya ce tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi mai aikin gammo, kuma inda yake manne da ƙashi nan ne ya yage. Gammon na nan, amma ba abin da ke riƙe shi, zamewa yake yi. In aka gyara jijiya aka bar shi, ƙashi zai yi ta cin ƙashi har in tsufa ina jan ƙafa. Suka gyara duka biyun a aiki ɗaya. Da zan fita ya gindaya mini doka: mako shida ba taka ƙafa, wata huɗu ba tsuguno, ba durƙuso. Ya ce sau ɗaya ma ya isa ya ɓalle ɗinkin.

Mako goma da aikin aka gama girbi, surukina ya aiko a taru. Tsohon yana kan al'adar kakanninsa, ba a taɓa sabon hatsi sai ya yi yanka a gidan, kuma ba ɗa ba suruka da ke ƙin zuwa. Maigidana ya ce in kwantar da hankali, shi zai yi bayani. Mutumin nan baki gare shi kamar rediyo, amma gaban mahaifinsa sai ka rantse kurma ne.

Muka tarar da tsohon zaune a kan buzunsa a gindin gawo, mutane na zuwa suna tsugunawa. Ba ya tashi wa kowa. Rabi isa ce, rabi kuma gwiwarsa ta hagu da ta lalace a filin kokawa tun yana saurayi. Na cire takalmi, na tsaya riƙe da sandata, na yi gaisuwa. Sai na ji wata a bayana ta ce:

"Ku dibi 'yal lakkwal, yau a tsaye taz zo."

'Yar boko take nufi. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina ɗinkin ya ɓalle mana, na fara lanƙwasa ƙafa.

"Ke! Tsaya nan!"

Tsohon ne. Ya juya ga ɗansa ya ce, "Mi lokotoro yac ce?" Maimakon ya faɗi abin da likitan ya ce, maigidana ya kama inda-inda. Ni da ban taɓa haɗa magana uku da surukina ba, na ajiye kunya na ba shi labarin jijiya da gammo, kaina a sunkuye.

Ya kai hannu yana shafa gwiwarsa. Can ya ce, "Ashe nawa gammon na yaz zame. Shekara da shekaru ina zagin mai ɗori a banza." Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa. Maigidana ya matso zai kama shi, ya daka masa harara. A hankali ya miƙe, ina jin gwiwar na ƙara, zufa ta keto masa a goshi. Da ya tsaya daidai ya ce:

"Tunda ba ki iya sauko min, ni in taso miki. Sannu da zuwa, ɗiyata."

Wa zai zauna tsoho na tsaye? Maza suka miƙe, mata suka miƙe, har da mai maganar 'yar lakkwal, tana kakkaɓe zane. Ban yi kuka a asibiti ba, amma ranar nan na yi. Daɗi ya cika ni, ban kuma ɓoye ba.

Sau uku na koma ƙauyen kafin wata huɗun su cika, sau uku yana tashi. Kowane tashi na san abin da yake ci masa, na roƙi maigidana ya hana shi, ya ce in je in hana da kaina.

Ranar da likita ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta ya ce ɗinki ya kama, ban jira hutun makaranta ba. Asabar muka tafi. Tsohon ya hango ni daga gindin gawo, ya kai hannu ga sandarsa kamar yadda ya saba. Na yar da takalmi, na ɗaga ƙafa. Kafin ya dafa ƙasa na riga shi, gwiwa biyu a cikin yashi, ba zafi ba zamewa.

Ya dube ni, ya saki sandar.

"Gammo ya zamna?"

"Ya zamna, Baba. Kai ma zamna."