Hauya Mai Jan Tsumma

Kakarmu Hajo ba ta fara tatsuniya sai ta je ta duba bango. A ƙauyenmu da ke gefen Korgom, in ɗari ya shigo, da an gama tuwon magariba mukan kwaso karan hatsi mu hura wuta a tsakar gida, mu zauna muna jiranta. Ita kuwa sai ta ɗauki kara mai wuta a baki ta nufi bayan ɗakin kakanmu, inda ya kakkafa itatuwa a jikin bango, kowane ƙarfe da maratayinsa. Hauya a rataye, ƙotarta ba ta taɓa ƙasa saboda gara. Gatari kusa da ita. Lauje a soke cikin jinka, inda hannun yaro ba ya kai. Sungumi, da yake dogo ne, a kwance kan itatuwan gindin rumbu. In ta tarar da maratayi ɗaya babu kome, to ranar babu tatsuniya sai an nemo abin.

Akwai hauya guda da ba ta da wuri a bangon nan. Guntuwa ce, bakinta ya cinye, an ɗaura mata jan tsumma a ƙota. Da ita ake kwashe kashin yara, a binne mushen kaza, a gyara makewayi. Tana soke a darni can bayan gida, ita kaɗai, kuma wanda ya taɓa ta sai ya wanke hannu da toka kafin ya shigo cikin mutane.

Mu biyu ne jikokinta maza a gidan, ni da ƙanena Salisu. Ni take kira mijin banza, wai ban taɓa kawo mata ko goro ba. Salisu ne angonta, shi ke da cinyarta. In ta zauna ta miƙe ƙafa wajen wuta, sai ta ce, "Ga ta nan tana ƙwanƙwasa ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata ta shigo."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani manomi, Na-Jibge. Ƙarfi gare shi, gonarsa ta fi ta kowa kyau, amma in ya dawo gida sai ya watsa kayan aikinsa a lungu guda, har da guntuwar bayan gida. Da mutane sun kauce sai kayan su kama faɗa. Kaka takan toshe hanci ta yi muryar gatari: "Ni da ke kada gawo, yau ni aka haɗa kwana da mai kwasar kashi?" Ta ƙanƙance murya ta yi lauje: "Ku janye min ita, tana goga min jiki!" Sai guntuwa ta ce, "Ku yi haƙuri, manya. Ina da wurina, kuma na san shi. Jefo ni aka yi."

A nan Salisu yakan yi dariya har ya faɗi, ya ce a sake. A sake masa sau biyu, sau uku. Daga nan ya kifa kai a cinyarta, shi ke nan, barci ya ɗauke shi.

Ni nake jin sauran. Wata rana baƙo ya sauka gidan Na-Jibge. Cikin gaggawa ya sa hannu a tulin kayan nan ya zaro abin da ya samu, ya je ya tono dankali, aka dafa, aka ci. Bai duba ba, ashe guntuwa ya ɗauka. Da gari ya waye sai ga sarkin ƙudaje a ƙofar gida, da matansa da 'ya'yansa da kayan ɗakinsu. Ya yi sallama ya ce, "Mun ji labari, mun zo. Wanda ya ci da hauyarmu ya zama ɗan'uwa." Suka shiga. Suka zauna bakin ƙwarya, suka zauna a idon jariri, suka riga maigida sa hannu a tuwo. Ya kora, suka ce ba a korar dangi. "Shi ya sa har yau," in ji Kaka, "ƙuda ke tashi daga makewayi ya sauka a akushinka ba kunya. Zumunci yake yi. Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka."

Yau shekara ashirin da wani abu ina sana'ar kayan garka, wato lambu. Da kwando ɗaya na fara, a kai, yanzu ina da rumfa a kasuwar Tasawa. Ina bin masu garka in sayi salati, wato latas, da karoti da shu, wato kabeji, in raba wa mata masu talla da masu gidan abinci. Sun san ni da abu guda: abin da ba zan sa a bakina ba, ba na kawo musu. Salisu ya zauna gida, shi ya gaji garkar babanmu a bakin tabki, kuma ni nake kwashe kayansa duk shekara. A garka muke haɗuwa, na daɗe ban leƙa bayan ɗakin kakanmu ba.

Bara, da salatinsa ya isa yanka, na yi sammako a moto, wato babur, mai amalanke yana biye da ni a baya. Na tarar bai fita ba, sai na shiga gida in gaisa da iyali. Itatuwan kakanmu babu ko ɗaya, an cire an yi makamashi da su. Kayan aiki suna jibge a lungu kusa da turken awaki, fitsarinsu yana gangarowa ƙarƙashi. Hauya, manjagara, lauje, wuƙar yankan salati, arozuwar da ake ban ruwa da ita, duk a cuɗe. Ina tsaye autan Salisu ya tsuguna ya yi abin da yara ke yi. Matar Salisu ta zo ta zari hauya a tulin, ta kwashe, ta watsa bayan darni, ta dawo ta jefa ta inda ta ɗauko. Bakin hauyar ya faɗa kan wuƙar, jiƙe. Ban ga laifinta ba, babu wata hauyar da aka ware mata. Ƙudaje suka taso kamar an kira su.

Salisu ya fito yana murmushi, ya tattara hauyar da wuƙar ya zuba a buhu guda.

"Yaya, mu tahi, salati na jira."

"Da wannan wuƙar za ka yanka?"

"Da wace kuma? Ita ce ta jiya, ita ce ta shekaranjiya."

Yawu ya cika min baki, na juya na tofar. Na ce, "Salisu, salati ɗanye ake ci. Karotin nan 'yan makaranta ke saye su gutsura a hanyar lakwal. Kayanka ba su hawa amalankena."

Fuskarsa ta canza. "To, an zama mutanen birni. Ƙasa ce hwa, Yaya, tana cinye komi. Ka bar ni da salati ya tsufa a garka don hauya?"

"Ka manta Na-Jibge?"

Wallahi sai ya yi dariya. Ya toshe hanci ya yi muryar gatari, kamar Kaka ce ta dawo. "Ai wannan ta ban dariya ce. Kayan aiki na faɗa, mi ya haɗa ta da salatina?"

"Da sarkin ƙudaje ya zo fa?"

"Wane sarkin ƙudaje?"

A nan na gane. Mutum mai 'ya'ya biyar, da furfura a gemu, bai taɓa jin ƙarshenta ba. Na zaunar da shi a kan turmi, da hantsi, gaban tulin nan mai wari, na ba shi sauran. Ban iya murya irin ta Kaka ba, amma ban buƙace ta ba, dangin Na-Jibge suna nan suna yawo tsakanin bakin hauya da fuskar autansa. Da na kai inda suka zauna a idon jariri, sai na ga ya miƙa hannu yana kore wa yaron. Amalanke ya juya babu kaya, na je Urafane na cika shi a garkar wani.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ƙyama ce kawai, ta hana mu wasa da guntuwa. Yanzu na san ba guntuwa Kaka ke zagi ba. Ƙazanta dole ce a gida, kuma dole wani abu ya kwashe ta. Abin ƙyamar shi ne mutumin da ya ƙi ba ta wurinta don ganin ƙyashin taku goma zuwa bayan darni, sannan ya kai abin bakin 'ya'yan mutane. Tun daga ranar, in zan sayi kayan mai garka, gidansa nake fara shiga in dubi bango.

Salisu ya yi wata guda ba ya amsa wayata, salatin nan awaki suka ci rabinsa. Sai wata ranar kasuwa na ɗaga kai na gan shi tsaye bakin rumfata, riƙe da sabuwar wuƙa da 'yar guntuwar hauya daga wajen maƙera. Bai gaishe ni ba. Ya dubi jan ƙyallen da nake rufe tumatir da shi, ya ce, "Yaya, yaga min gefen wancan."