Soson da Yaya Ba Ta Sa wa Sabulu

Yayata ta yi aiki a asibiti har ta yi ritaya, a ɗakin da ake wanke kayan tiyata. Almakashi, wuƙaƙe, faranta, duk ta hannunta suke bi: a jiƙa, a goge, a dafa, a naɗe. Aikin nan ya biyo ta har gida. In ka sha ruwa a falonta, kafin ka dire kofin ta miƙo hannu. Ni ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi ba na shiga gidanta sai na duba ƙasan takalmina. Tafin hannunta duk ya yi kaushi saboda sabulu, ita kuwa ko a jikinta.

Mijinta gyaran agogo yake yi, kowa Mai Agogo yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, maganarsa ba ta da yawa, sai murmushi. Allah bai ba su haihuwa ba, suka zauna abinsu lafiya. Duk abin da Yaya ta shimfiɗa a gidan yana bi, ban da wuri ɗaya: tankin gilashin da ya girke a kusurwar falo yana kiwon jajayen kifaye a ciki. Akwai tsakuwa a ƙasa, da 'yan ciyayi, da ƙaramin injin tace ruwa mai soso a cikinsa. Babban cikin kifayen wani ɓuleleƙe ne da yake riga kowa cin abinci, ya koma gefe yana kallon sauran. Mai Agogo ya sa masa suna Manaja.

Duk ƙarshen mako sai ya jawo wani tsohon bokitin fenti, ya zuƙo ruwa kaɗan daga tankin da siririn tiyo, ya ciro soson ya matse shi a cikin wannan ruwan, ya mayar da shi yadda yake, launin ƙasa. Yaya tana tsaye kamar za ta fashe.

"Malam, wannan ai ba wanki ba ne," take cewa. "Ka wanke datti da datti."

"Ki bar mini shi haka," yake cewa.

Iyakar bayaninsa ke nan. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, Allah ya jiƙansa. Mutum ya zauna da mace shekara da shekaru, ya san halinta sarai, amma ya kasa buɗe baki ya ce ga dalili!

Ciwonsa bai daɗe ba ya rasu. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Yaya ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta faɗa wa tankin nan. Ba don ƙiyayya ba, gani take hidima ce take yi masa. Ta kwashe kifayen a roba, ta zubar da ruwan kaf, ta dafa tsakuwar a tukunya, ta goge gilashin har yana ɗaukar ido. Tsohon soson ta ɗauke shi da tsinke ta jefa a shara, ta sayo sabo fari tas. Ta cika tankin da ruwan famfo ta mayar da kifayen. Na zo na gani, na ce, "Kai, Yaya, kamar sabo!" Gaskiya ya yi kyau.

Ba a jima ba ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗauraye kwanon madara a ciki. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki suna rufewa. Wata safiya ta tarar da ɗaya yana yawo a kan ruwa, ciki a sama. Me Yaya za ta yi? Abin da ta sani. A wurinta in an ga ciwo, akwai inda ba a wanke da kyau ba. Ta sake kwashe su, ta sake dafa tsakuwa, wannan karon har soson ta sa wa sabulu. Ta sayo wani shuɗin magani a shagon da ake sayar da abincin kifi ta ɗiga musu. Da ta ga ba sa ci, ta ƙara musu abinci, wai ko za su ji ƙarfi. Haka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ƙara wanki.

Ranar da na sake zuwa, Manaja kaɗai ya rage. Ya kwanta a kan tsakuwa, fuka-fukansa a manne da jiki. Gefen kansa, inda yake shaƙa, ya yi jawur, ga jan zare-zare a wutsiyarsa kamar jini ya kwanta. Yaya tana zaune a kan kujerar mijinta ta zuba masa ido.

"Ƙanwata," ta ce, "agogunansa duk na mayar wa masu su. Kayansa an raba. Abin da ya bari mai rai a gidan nan wannan ne kawai. In shi ma ya tafi, ban san me zan tashi in tarar da safe ba."

Ban taɓa jin Yaya ta yi irin wannan maganar ba. Tausayinta ya kama ni.

Daga nan na biya shagon Tela karɓar ɗinki. Tela abokin Mai Agogo ne tun suna samari, shagunansu suna jere a layi ɗaya. A bayan keken ɗinkinsa, tsakanin tarin yadi da dutsen guga, shi ma yana da nasa tankin. Gilashin har ya yi kore-kore a gefe, amma kifayen suna ta zarya kamar masu zuwa kasuwa. Na ce, "Tela, kai naka a cikin wannan ƙazantar suna ƙiba, na Yaya a cikin tsabta suna mutuwa." Ya dakatar da keken. Ya ce gobe ta zo masa da ruwan tankin kaɗan, kuma kafin nan kada ta taɓa komai.

Washegari da ƙyar na jawo Yaya shagon. Ta zo da ruwan a kwalbar da ta dafa, ta naɗe ta a farin ƙyalle. Tela ya ɗauko wata 'yar kwalbar gwaji, ya zuba ruwan, ya ɗiga wani magani, ya girgiza. Muna kallo ruwan ya juye kore shar.

"Guba ce a ruwan," in ji shi. "Daga kashin kifin take fitowa, da abincin da ya ruɓe. Ita take ƙona masa wurin shaƙa. Matar Malam, yaya kike kula da tankin?"

Yaya ta gyara zama ta fara lissafo masa: dafa tsakuwa, goge gilashi, canza ruwa duka, sabulu a soso, shuɗin magani. Tana faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar mai ba da rahoto a wurin aiki. Tela yana ji yana sunkuyar da kai.

"Tsohon soson fa?" ya tambaya.

"Wannan ƙazamin? Na jefar tun farko."

"Innalillahi," in ji Tela a hankali.

Sai ya yi mata bayanin da mijinta bai taɓa yi ba. Ya ce a cikin wannan dattin na soso da tsakuwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye gubar kafin ta taru. Ba a rana ɗaya suke yawaita ba, sai an yi makonni. Sabulu yana kashe su, ruwan zafi yana kashe su, maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe su, shuɗin maganin nan ma haka. Shi ya sa Malam yake matse soson a ruwan tankin, don ya rage laka kawai, su kuma su zauna.

Yaya kuwa ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kashe irin waɗannan halittun, kuma a can daidai ta yi, rayuka ta tsare. Can ta ce, "Wato ni na kashe su."

Na buɗe baki zan ce a'a, na ga ba amfanin ƙarya. Tela ma bai musa ba. Ya tashi ya kashe injin tankinsa, ya ciro nasa soson yana ɗiga, ya sa almakashin yankan yadi ya raba shi biyu. Ya jefa rabin a leda, ya ɗebo ruwan tankin ya zuba a kai.

"Kifayena lafiyarsu ƙalau, kada ki ji tsoro," ya ce. "Lokacin da zan fara kiwo, Malam ne ya yanko mini rabin sosonsa, kamar yadda na yi yanzu. Soson ya sha canzawa, amma kullum sai na haɗa sabo da tsoho. Abin da ke cikin nan nasa ne. Mayar miki na yi."

Ledar nan ruwanta kamar na kwata. Na miƙa hannu zan karɓa, don na san Yaya. Ta ture hannuna ta karɓa da hannu biyu. Haka ta rungumo ta a ƙirji har gida, tana ɗiga mata a gaban riga, ba ta ko duba ba.

Sauran aikin ba wuya gare shi ba, sai dai ga Yaya. Ta sa soson a inji yadda yake. Kullum ta zuƙe ruwa kaɗan ta mayar da wanda aka ɗiga wa maganin kashe kaifin ruwan famfo, wanda ya kwana a falon don kada sanyinsa ya bambanta. Abinci aka dakatar na 'yan kwanaki, daga baya ɗan mitsitsi. Ba sabulu, ba tukunya, ba shuɗin magani. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi. Ta wanke labulayen gidan duka, ta dawo ta wanke su kuma. Ni kaina na ajiye gyalena na shiga bayi, na fito na tarar da shi a kan igiya yana ɗiga.

Manaja bai tashi da wuri ba. Kwanaki yana kwance, sai dai numfashin ya ragu da sauri. Ruwan ya washe a hankali. Tana kai wa Tela kwalba yana gwadawa, koren yana raguwa har ya koma rawaya, ya ce haka ake so. Jan zaren wutsiyar ya dushe, ko da yake gefe ɗaya ya ɗan yage, kuma har yau bai cike ba. Wata safiya ta kira ni a waya, ko sallama babu.

"Ya ci!" ta ce. "Ɗan banzan ya taso ya ci, har yana neman ƙari!"

Tana dariya tana kuka, ni ma na taya ta.

Yanzu gilashin yana da ɗan kore a kusurwa, ta bar shi. Sauran gidan kuwa yana nan yadda kuka san shi, har yanzu ina duba takalmina. Makon jiya na shiga na same ta durƙushe a gaban tankin. Ta nemo tsohon bokitin fentin nan daga bayan gida, ta naɗe hannun riga, tana matse soson a cikin ruwa launin ƙasa, ko safar hannu babu. Manaja yana gefe yana kallonta.

Tsokana ta motsa mini. Na ce, "Yaya, wannan ai ba wanki ba ne. In miƙo miki sabulu?"

Ba ta ɗago ba. Ta sake matsa soson a hankali, ta ce, "Ki bar mini shi haka."