Abayar Gwanjo Daga Bebeji Zuwa Doguwa

Litinin: Bebeji zuwa Ba'awa

Ƙarfe shida saura kwata, maza na fitowa daga sallar asuba, na bar gida da ƙullin goro a jaka da ɓacin rai a zuciya. Goron na gayyatar bikin ƙanena ne. Dangin mahaifiyarmu ba a gayyatarsu ta waya, sai ƙafa ta taka, goro ya shiga hannu, in ba haka ba su ce an raina su. Ɓacin ran kuwa Hafsa ce ta jawo shi, 'yata mai shekara tara.

Ni mai ƙosai ce a bakin titi, duk Bebeji an sani. Kullum bakwai da rabi nakan bar wa ƙanwata kasko in raka Hafsa makaranta da hijabin da ke jikina, mai warin mai da hayaƙi. Ranar Alhamis muna isa kwalbatin da ke kusa da makarantar, yarinyar nan ta zare hannunta daga nawa, ta ce, "Umma, tsaya a nan, zan ƙarasa." Juma'a ma haka ta yi. Na ɗaga kai na ga iyayen 'yan ajinsu, matan ma'aikata, baƙar abaya tana walƙiya, jaka a hammata, gilashi a ido. Na ce shi ke nan, 'yata kunyata take ji. Wallahi sai da na yi kuka a gaban kasko, aka tambaye ni na ce hayaƙi ne.

Ran Asabar na shiga kasuwa na sayo abayar gwanjo mai duwatsu, da baƙin gilashi, da jaka, da takalmi mai tsini. To amma ta yaya zan fara sa su a garin da kowa ya san ni da cokalin ƙosai? Na ce bari in gwada su a hanya, in leƙa kowace makaranta in ga yadda uwar kirki ke shiga.

Maigidana ya haska ni da tocila a zaure, ya ce, "Lami, gilashi da asuba? Ko rana a ɗakinki ta kwana?" Na wuce shi ina fama da takalmin.

A tasha direban da ke cin ƙosaina kullum bai gane ni ba. Ya ture wani dattijo yana cewa, "Hajiya, gidan gaba!" Tunda nake ba a taɓa ce min Hajiya ba, na ji daɗi har cikin raina. Daɗin ya ƙare da ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar, alhali na baya ɗari takwas suka biya. Shida da rabi muna Kwanar Ɗangora. Daga nan na hau babur, hanya duk taɓo saboda ruwan daren jiya, bakwai da minti goma na sauka a ƙofar gidan Inna Asabe, yayar mahaifiyarmu.

Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa goro. Ta karɓa tana leƙen fuskata, ta ce, "Ciwon ido kike yi, 'yar nan?" Na ce lafiyata ƙalau. Na iske surukarta Rabi za ta raka yara makaranta, na bi ta.

A Ba'awa ba wadda ke yin shiri don rakiyar makaranta, hanyar gona ce kawai ta bi ta nan. Zani an ɗaure shi tamau a ƙugu, sama tsohuwar rigar kamfe da fuskar ɗan takarar ta koɗe har ba a gane shi, gajeren hijabi, silifas, fartanya a kafaɗa. Matan Fulani kuma da ƙwaryar fura a ka, yaro a gaba, goyo a baya. Ni kaɗai ce baƙa wuluk a tsakiyarsu ina tangaɗi.

Muna isa, hedimasta ya hango ni. Na ga ya gyara hula, ya raɗa wa wani yaro magana, yaron ya zura da gudu cikin masara. Ya taho yana murza hannu. "Ranki ya daɗe, ba a sanar da mu za ki zo ba!" Kafin in buɗe baki an kawo kujera an goge ta da gefen riga. Can sai ga malamai biyu sun ɓullo daga gona suna haki, ɗaya da taɓo har gwiwa, ya shiga aji ya hau karantarwa da ƙarfi tun kafin yara su zauna. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta a gabana, ta ce, "Gwamnati, ajin yaranmu yoyo yake yi, a gaya wa na sama."

Rabi ta jingina da bishiya tana dariya har da hawaye, ta ƙi ceto na. Na cire gilashin na ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, ni mai ƙosai ce daga Bebeji." Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya leƙa jakata. "To ko kin taho mana da shi?" Malamin nan mai taɓo kuwa harara ɗaya ya yi min ya koma gonarsa.

Talata: Tudun Wada

Tun ran Litinin ɗin, ƙarfe biyu na koma Kwanar Ɗangora, na sami ƙaramar mota mai ɗaukar mutum shida, muka zama tara. Wannan karon na shige baya da kaina. Uku da kwata muka shiga Tudun Wada, na sauka a gidan Yaya Talatu, 'yar kawunmu. Ta yi min tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, na ci har da ƙari, na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi don takalmin ya ci min dunduniya.

Da safe na ga abin mamaki. Duk matan da suka fito rakiyar yara hijabinsu iri ɗaya ne, ruwan toka, dogo har yana sharar ƙasa. Ashe daga kai yara Islamiyyar matan aure suke wucewa. Na ce, "Yaya, kai, matan garin nan akwai tsari." Ta duba hagu da dama, ta ɗaga gefen hijabinta. Zanen barci ne a ciki, da rigar da ta yi tuƙin tuwo da ita jiya, da safar mijinta ƙafa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Ta ce, "Kowa haka take a ciki. Hijabi ai rufin asiri ne, ke ce kika fito da naki asirin waje da duwatsu."

Makarantar da nisa, muka tsayar da babura biyu. Ita ta ɗauki yara biyu, ni ɗaya. Na ga kowace mace kafin ta hau sai ta tattare hijabinta ta cusa a tsakanin cinyoyi, ni kuwa na bar abayata tana kaɗawa don a ga duwatsun. Ɗan acaɓan ya ce, "Hajiya, tattara rigarki." Na ce masa, "Tuƙa abinka." Ko minti biyar ba mu yi ba na ji an fizge ni ta baya, ƙeeet! Taya ta cinye rabin abayar. Allah ya kiyaye a hankali yake tafiya, muka tsaya ba wanda ya faɗi. Ya sauka yana warware tsummoki daga taya yana cewa, "Na faɗa miki fa." Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Wani tela a bakin kasuwa ya ɗaga ta ya juya, ya ce, "Abaya kam ta riga mu gidan gaskiya, sai dai a mayar da ita riga." Ya yanke ta daidai gwiwa a kan ɗari biyar, Yaya Talatu ta ba ni zani na ɗaura a ƙasa.

Sha ɗaya da rabi motar Doguwa ta cika muka tashi. Hanyar ta ratsa dajin Falgore, bishiyoyi sun yi kore shar, birai na zaune a bakin titi suna kallon motoci. A shingen sojoji wani ya leƙo, ya dubi gilashina da rabin abayata, ya ce, "Madam, lafiya?" Wata tsohuwa a gefena ta riga ni amsawa, "Aikin ido aka yi mata, ɗana." Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗaga mana hannu. Na ce amin, me zan ce? Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka isa.

Laraba: Doguwa

Gidan Ladidi, ƙanwata ta wajen Inna Asabe, yana bayan gari kusa da duwatsu. Sanyin wurin nan ba irin namu ba ne, ga yayyafi tun asuba. Ta dama kunun gyaɗa ta gasa sabuwar masara, muka karya, sannan ta shirya raka 'yarta Zulai, sa'ar Hafsa. Ta sa suwaita, ta ɗora tsohon kwat ɗin mijinta a kan hijabi, ta zura takalmin ruwa, ta ninka buhun taki ta kifa a ka. Na tuntsire da dariya. Ta ce, "Yi dariyarki, Yaya Lami, rafi na gaba."

Da muka fito na ga duk uwayen haka suke, kwat da buhu da takalmin ruwa, ba ka bambance wannan da waccan sai ta yi magana. Akwai rafi tsakanin unguwar da makaranta, in an yi ruwa yakan kai cinya. Kowace uwa ta tattare zani, ta goya ɗanta, jakar littattafai a ka, ta ratsa. Ni tun kafin in kai bakin ruwan taɓo ya kama takalmina na dama. Na ja, ƙafa ta fito, takalmi ya ce yana nan. Na cire ɗayan na wurga masa su zauna tare, na tsallaka da ƙafar Allah.

A ɗaya gefen Ladidi ta sauke Zulai, ta kama hannunta za su hau tudu. Sai yarinyar ta zame hannunta, ta ce, "Inna, koma daga nan."

Na tuna Hafsa a kwalbati. Na daka mata tsawa, "Ke! Uwar da ta goyo ki ta ratsa ruwa, ita kike jin kunya?" Zulai ta yi tsuru-tsuru. Ladidi ta kama hannuna tana dariya. "Kunyar me, Yaya? Ni da wa na bambanta a nan? Dubi can." Na duba. Ƙananan yara ne kawai ake kaiwa har ƙofar aji. Manyan duk a bakin rafi suke rabuwa da iyayensu, su haɗu su hau tudun tare suna hira. Ta ce, "Tun farkon zangon nan ta fara. Da farko na ji zafi, wallahi. Girma ne ya zo, ba a tare shi."

Na tsaya cikin yayyafi ba takalmi, rabin abaya ta jiƙe ta manne min.

Komawa gida

Ƙarfe goma na hau mota da silifas ɗin Ladidi. Na sauya a Tudun Wada, na sake sauyawa a Kwanar Ɗangora, ana kiran la'asar na shiga Bebeji. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna biyu. Inna Asabe, Yaya Talatu, Ladidi, Allah ya bar zumunci, goro ya isa hannu, sai mun gan ku a biki. Malamin da na taso daga gona, ya yafe ni.

Ran Alhamis na sa hijabina na kullum muka kama hanya. Da muka kusa kwalbati na ce, "Hafsa, gaya min gaskiya, kayana ne ba kya so a gani?"

Ta kalle ni da mamaki. "Kayanki? Me kayanki suka yi, Umma? Aji huɗu fa nake. 'Yan aji ɗaya ake riƙe wa hannu."

Na ce to. Ni na fara sakin hannun, don kada ta riga ni. Ta ruga ta cimma ƙawayenta, suka shige suna surutu, ko waiwaye ba ta yi ba. Na daɗe a tsaye a wurin, har ƙanwata ta ƙona kasko guda tana jirana. Da a ce kayan ne, da na san kasuwar da zan koma.