Yashin da Sammani Turmi Yake Sharewa

Da an idar da sallar asuba, kowa a ƙauyenmu na gefen Bunkure kanal yake nufa, ya ga ko an sako ruwa. Ban da Sammani Turmi. Shi manjagara yake saɓawa, ya ɗingisa zuwa tsohon fagen kokawa da ke bayan kwalbati, ya tsince ƙaya da fasassun kwalabe, ya baje yashi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Filin na gari ne, ba wanda ya ɗora masa aikin. Hagu shinkafa, dama tumatir, wurin kaɗai ne busasshe.

Ni Tambaya ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

Yaran yanzu tsoho mai ciwon gwiwa suke gani. Mu mun ga Turmi da warki, gajere, kakkaura, ya shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba, daga Kura har Madobi har birni. A birni ya koyi judo, wata kokawar ƙasar waje, aka so ya zauna yana koyar da masu kaki. Ya ce to yaran garinsu fa? Ya dawo. A da kokawa ta kaka ce, an gama girbi an huta. Noman rani ya cinye hutun, fagagen ƙauyuka suka koma gonaki ɗaya bayan ɗaya. Namu ya rage saboda shi.

Ku tambayi Hananiya da Lukmanu ranar da suka ɗaga wa juna fartanya a kan layin ruwa. Turmi ya shiga tsakani, ya kama ƙugun wannan, ya kama na wancan, ya ce, "Faɗa kuke so? Ku zo yashi bayan la'asar, ba fartanya." Suka zo, suka yi ta kayar da juna har dariya ta kama su. Ku tambayi Tabitha mai kai kayan miya kasuwa. Shi ya koya mata, da matan da suke tafiya tare, yadda ake murɗe hannu a ƙwace in ƙato ya riƙe. Wani ɗan acaba ya gwada ta. Har yau in ya hango ta, hanya yake canzawa.

Yanzu ga abin da yake cin raina. Watan jiya 'yan kwamitin ruwa suka zo da takarda, wai za a haƙa sabuwar magudana ruwa ya kai mana ƙarshen layi. Albasata tana ƙonewa, na dangwala yatsa. Ba wanda ya karanta min cewa ta tsakiyar fagen za ta bi. Akwai hanya ta gefe, amma za ta ci kunya biyu a gonar wani babba a cikinsu. Wannan ba su faɗa ba.

Da na ji, na je na sami Sammani yana shara.

"Sammani, da yatsana a takardar."

"Na sani, Yaya Tambaya. An karanto min sunayen. Har da na Lukmanu."

"To ka zage ni mana!"

"Albasarki ta sha ruwa bana?"

"Ba ta sha ba."

"To kin gani." Ya ci gaba da jan manjagara. Can ya ce, "Matsa, kin taka inda na gyara."

Wallahi da mari na ya yi, da ya fi min sauƙi.

Sammani, kai ne ka riƙe mana yara, na masallaci da na coci, ka koya musu ƙarfi ba don zalunci ba. Mun ci moriyarka kana matashi, ka tsufa mun sa hannu a kanka ba mu duba ba. Ka yafe mana. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba gwiwarka lafiya.

Ku kuma da kuka tashi a yashin nan, ku yi koyi da shi ko sau ɗaya, ku shiga tsakani. Ranar Alhamis masu haƙa za su zo. Na je na ce a goge yatsana, an ce ba a gogewa. To, tabarmata zan shimfiɗa a tsakiyar fagen in zauna. Jiya na roƙi Sammani ya nuna min yadda ake kafewa a ƙasa kada a ɗaga mutum. Sai da ya gama yi min dariya, sannan ya nuna min.