Mutumin da Talata Ta Riƙe

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noma a ƙauyenmu na wajen Wagini, na zauna a Batsari, gidan ƙanin matata, tela. Ban saba kallo ba, amma wata rana ya kunna talabijin a shago, wani shirin Turawa da aka fassara da Hausa. Wani mutum ya ƙera inji don ya koma shekarun baya, ya ga garinsu kafin a watse. Injin ya lalace, kullum sai ya farka a Talata guda. Abin da ya burge ni, ba su nuna shi yana kuka ba. Kowace safiya yana ɗaure jakarsa da kyau, yana yi wa mai masaukinsa sallama.

"Malam, ga ɗan'uwanka," in ji telan, yana dariya. "Wata bakwai kana cin tuwona, kana yi mini sallar matafiyi!"

Gaskiya ya faɗa. Duk Azahar ko La'asar da na yi ni kaɗai, raka'a biyu nake yi, don wanda bai yi niyyar kwana huɗu ba matafiyi ne. Ni kuwa kullum niyyata jibi zan koma.

Na ce, "Hanya za ta buɗe, in sha Allahu."

"Allah ya sa. Amma geron mutane har ya fitar da kai, Malam."

Washegari Azahar ta same ni ni kaɗai a ɗaki. Na daɗe a tsaye kafin na yi niyyar raka'a huɗu.